Giya a gidan soja: Darasin da na ɗauka a wayar hannu

Shekara uku maigidana ya yi a fagen daga a Arewa maso Gabas, tun rundunar tana amsa sunan Lafiya Dole har aka mayar da ita Haɗin Kai a 2021. Ranar da ya dawo bariki na yi girki kamar na Sallah, domin ko ƙwarzane babu a jikinsa. Sai da aka kwana biyu na gane cewa barci bai biyo shi gida ba. Tsakar dare nakan farka in same shi zaune a bakin gado, ya ƙura wa ƙofa ido. Sannu a hankali ya fara daɗewa a kasuwar mami, yana dawowa da goro a baki don ya danne warin abin da ya sha.

Wa zan faɗa wa? Iyayena za su ce in tattaro kayana. A bariki kuwa bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci, maganar da ta fita da safe kafin azahar ta isa kunnen manyansa, ga shi dokar soja tana hukunta maye. Mu Musulmi ne, ya san hukuncin giya sarai, wannan ya sa kunyar ta ninku. Na yi wa'azi, na yi kuka, na zubar da kwalabe, har yaji na yi. Duk abin da na samu shi ne ya ƙware wajen ɓoye mini.

Wani dare da barci ya ƙaurace mini, na ɗauki waya na rubuta damuwata a intanet, abin da na kasa furta wa ɗan'adam. A nan na ci karo da wata hanya da ake kira CRAFT, wadda Robert Meyers na Jami'ar New Mexico ta Amurka ya tsara domin iyalan mashayin da ya ƙi neman magani. Cibiyar bincike ta RAND ta mayar da ita darussa huɗu na intanet, mai suna Partners Connect, musamman saboda ma'auratan sojoji da tsofaffin sojojin Amurka. Shirin nasu ne, ban samu shiga ba, amma na karanta abin da aka wallafa game da hanyar. Abin da ya ja hankalina shi ne, da ni za a fara, ba sai shi ya amince ba, kuma ba wanda zai tambayi lambarsa ta aiki.

Darasin farko ya yi mini ɗaci: a daina gardama da mutum yana cikin maye, a bari sai ya wartsake. Na biyu, a faɗi abin da ake ji da abin da ake so a taƙaice, ban da gori. Na uku, a sa daren da bai sha ba ya fi daɗi, a kuma daina share masa ɓarnar daren da ya sha. Sai na tuna yadda nake yi wa abokan aikinsa ƙarya cewa zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Ina ganin rufin asiri nake yi, ashe shimfiɗa nake gyara wa cutar.

Wata safiya, bayan ya yi kwana biyu bai leƙa mami ba, na kawo masa shayi na ce, "Baban yara, jiya da ka zauna kana duba musu aikin makaranta, na ji daɗi ƙwarai. Ina tsoron abin nan zai raba mu da kai." Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Idan ban sha ba, su nake gani." Abokansa da suka rasu yake nufi. Wata biyar da dawowarsa, ranar ya fara ambaton su.

Waya ba likita ba ce. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, idan ya daina lokaci guda yana iya kamuwa da karkarwa ko jijjiga mai haɗari, don haka sai da na lallashe shi muka je asibiti. Haka nan, gidan da ake duka, tsira da rai ne farko kafin kowane darasi. Maigidana ya rage ƙwarai, wani lokacin yakan zame, amma yanzu yana faɗa mini da bakinsa.

Abin da ke damuna shi ne, da Turanci na karanta duk wannan. Matan da muke haɗuwa a bakin famfo, da yawansu ba sa jin Turanci, amma kusan kowacce tana da waya, kuma tana sauraron saƙon murya. Ina kira ga likitocin ƙwaƙwalwa da malamai da ƙungiyoyin matan sojoji su haɗa kai su samar da irin waɗannan darussa da Hausa, cikin murya, ba tare da an nemi suna ko lambar miji ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na san aƙalla gida biyu a layinmu da fitilarsu take kwana a kunne kamar yadda tawa ta riƙa kwana.