Mutuwa Rigar Kowa: Nazari Kan Wani Gajeren Labari Na Edgar Allan Poe



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda rai da ajali suke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya 'yan'uwana matasa, yau ina so mu yi nazarin wani gajeren labari na ban tsoro wanda wani Ba'amurke ya rubuta. Na san wani zai ce me ya haɗa malamin Islamiyya da tatsuniyar Turawa? Amsata ita ce, da yawanku kuna karanta irin waɗannan labarai a jami'a ko a intanet, ko da mun yi magana a kansu ko ba mu yi ba, kuma ya fi mini kyau ku karanta su da ma'auni a hannu. Bugu da ƙari, wannan labarin ya taɓo wata mas'ala da sahabbai da kansu suka yi saɓani a kanta, wato yadda Musulmi zai yi idan annoba ta sauka.

Marubucin shi ne Edgar Allan Poe, wanda aka haifa a birnin Boston a 1809, ya rasu a Baltimo a 1849 yana ɗan shekara 40. Labarin kuwa sunansa The Masque of the Red Death, ma'ana bikin rufe fuska na Jar Mutuwa, kuma an fara buga shi a mujallar Graham's ta birnin Filadelfiya a watan Mayu na 1842. Yana cikin nau'in adabin da ake kira gotik, wanda ya samo sunansa daga wani salon gini na tsofaffin majami'u da fadojin Turai. Adabi ne na tsofaffin gidaje, da duhu, da kaburbura, da zukatan da tsoro ya cinye. Poe bai ƙago annoba daga iska ba. Yana zaune a Baltimo lokacin da kwalara ta afka wa birnin a 1832, sannan a Janairun 1842, 'yan watanni kafin fitowar labarin, matarsa Virginia ta fara tarin jini tana cikin rera waƙa a gida. Tarin fuka ne, kuma shi ya yi ajalinta a 1847. Wanda ya rubuta labarin nan mutum ne da ya ga jini a bakin wadda yake ƙauna.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wata cuta ta sauka a wata ƙasa da ba a ambaci sunanta ba. Wanda ta kama sai ya ji sara a jiki da jiri, jini ya riƙa tsattsafowa ta kafofin fatarsa, cikin rabin sa'a ya cika. Jajayen tabon da take bari a fuska su ke sa kowa ya guje wa mai ita. Da rabin talakawan ƙasar suka ƙare, sai mai mulkinta, Yarima Prospero, ya zaɓi mutum dubu daga cikin fadawansa maza da mata masu lafiya da nishaɗi, ya shige da su wani katafaren gini mai ganuwa, mai siffar gidan ruhubanawa. Suna shiga suka kawo wutar maƙera da guduma suka narke sakatun ƙofofin ƙarfe, don kada a shiga kuma kada a fita. A ciki akwai abinci jibge, da giya, da makaɗa, da 'yan rawa, da 'yan kama. Bayan wata biyar ko shida, a daidai lokacin da cutar ta fi tsanani a waje, sai Yarima ya shirya gagarumin biki wanda kowa zai ɓad da kama da sutura da abin rufe fuska.

A ɗakuna bakwai aka yi bikin, jere daga gabas zuwa yamma, kowanne da launinsa: shuɗi, shunayya, kore, ruwan lemo, fari, wata shunayyar mai sirkin shuɗi, sannan na ƙarshe baƙi ƙirin, gilasan tagoginsa ja kamar jini. A ɗakin nan na ƙarshe akwai wani ƙaton agogo na baƙin katako. Da ya buga sha biyun dare sai aka lura da wani baƙo dogo siriri, lulluɓe da likkafani, fuskarsa irin ta gawa, an yayyafa masa jini. Yarima ya fusata, ya ce a kama shi a tone fuskarsa don a san wanda za a rataye da fitowar rana. Ba wanda ya iya taɓa shi. Baƙon ya ratsa ɗakunan ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, Yarima ya zare wuƙa ya bi shi a guje, suna isa baƙin ɗaki baƙon ya waiwayo, Yarima ya faɗi matacce. Da jama'a suka yi ta maza suka cafke baƙon, sai suka tarar babu komai a cikin likkafanin. Nan suka bi ɗaya bayan ɗaya suna faɗuwa, agogo ya tsaya, wutar da ke haska ɗakunan ta mutu.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne ƙofar nan da aka narke. In ka dube ta a zahiri, sai ka ga kamar ta yi daidai da umurnin Manzon Allah (SAW) wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda ya hana shiga ƙasar da annoba ta sauka, ya kuma hana waɗanda ke cikinta fita don gudu. Babu shiga, babu fita. To amma ina aka ja layin? A hadisin, layin ya zagaye ƙasar gaba ɗaya, mai lafiya da majinyaci, attajiri da matalauci, duk suna ciki tare. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya ambaci wata hikimar hana fitar, cewa da za a bar masu lafiya su watse, da ba a sami wanda zai ba majinyata ruwa da abinci ya kula da su ba. Yarima kuwa ya ja nasa layin ne a tsakiyar ƙasar, ya raba masu hali da marasa shi. Hasali ma shi ne makiyayin da aka danƙa wa amanar waɗannan mutane, sai ya bar garken ya tsere da 'yan kaɗan daga ciki. Saboda haka kada wani ya karanta labarin ya ce darasinsa shi ne rigakafi banza ne. Rigakafi ya fi magani, kuma wanda ya tambayi Annabi (SAW) game da raƙumarsa an umurce shi ne ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Laifin Yarima shi ne ya mai da rigakafi hanyar yar da amana.

Tarihinmu ya nuna mana yadda ake haɗa biyun. A shekara ta 18 bayan Hijira, wajen 639 Miladiyya, annobar da ake kira ta Amwas, da sunan wani ƙauye a Falasɗinu, ta sauka a Sham. Sayyidina Umar (RA) yana kan hanyarsa ta zuwa can, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai aka sanar da shi. Ya shawarci Muhajiruna suka rabu biyu, ya shawarci Ansaru su ma suka rabu biyu, sannan dattawan Ƙuraishawa suka ba shi shawarar ya juya, ya kuwa juya. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya zo da hadisin da ya ƙarfafa hukuncin. Umar bai shigar da waɗanda suke waje cikin haɗari ba. Shi kuma Abu Ubaida da yake shugaban waɗanda ke ciki, bai bar su ba. Malaman tarihi sun kawo cewa Umar ya rubuta masa yana neman ya zo Madina, ya nemi a yi masa uzuri ya zauna da rundunarsa, kuma a cikin annobar ya rasu, haka ma Mu'azu ɗan Jabal (RA) bayansa. Ku ajiye Abu Ubaida kusa da Yarima Prospero, ku ga shugabanni biyu a gaban jarrabawa iri ɗaya. Mu da muka ga kullen korona a 2020 mun san tambayar ba ta tsufa ba, domin mun ga gidan da aka cika rumbu kafin a rufe ƙofa, mun kuma ga maƙwabcinsa da sai ya fita yake samun na tuwon dare.

Abu na biyu shi ne ginin kansa. Poe ya tsara ɗakunan a karkace, ta yadda wanda ke cikin ɗaya ba ya hango na gaba sai ya sha kwana. Manazarta da yawa sun karanta jerin nan daga gabas zuwa yamma a matsayin matakan rayuwa, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ko da yake marubucin bai faɗi haka da bakinsa ba. Babu hasken rana ko na wata a ciki. Tagogin suna kallon wani rufaffen lungu ne inda aka jera kasaken garwashi, hasken ya ratso ta gilasai masu launi. Ke nan duk abin da suke gani, launin da Yarima ya zaɓa musu ne. Gini ne mai siffar wurin ibada, amma babu mai ibada ko ɗaya a cikinsa.

Sai agogon. Duk sa'ar da ya buga, makaɗa su kan dakata dole, masu rawa su tsaya cak, fuskoki su yi fari, tsofaffi su shafa goshi kamar masu tunani. Da ƙarar ta wuce sai su dubi juna su yi dariya, su yi wa juna alkawarin cewa in ya sake bugawa ba za su razana ba. Bayan minti 60 sai su sake razana. A nan ne nake ganin Poe ya fi nuna sanin halin ɗan Adam. Ku tuna yadda mukan yi a maƙabarta: a yi tsit ana zuba ƙasa, kowa ya sunkuyar da kai, amma kafin a iso bakin titi hirar ƙwallo da siyasa ta dawo. Ku lura kuma da cewa Yarima da kansa ya shigo da agogon. Ya narke ƙofa don hana ajali shiga, alhali na'urar da ke ƙirga ragowar kwanansa tana jingine da bangonsa. Mu ma muna da abin da ke katse mana harkoki sau biyar a yini, wato kiran salla. Bambancin shi ne, agogon Yarima yana sanar da su cewa lokaci ya tafi ne kawai, bai ce musu ga abin yi ba, shi ya sa suke komawa rawa. Ladan kuwa yana sanar da kai lokaci, sannan ya nuna maka inda za ka nufa.

Abu na uku, wanda a ganina shi ne zuciyar labarin, shi ne suturar baƙon. Biki ne na ɓad da kama, kowa cikin mutum dubun nan ya sa tufar da ba tasa ba, da fuskar da ba tasa ba, har da masu siffofi na ban ƙyama, ba wanda ya ce uffan. Sutura ɗaya ce ta ba su haushi, ita ce likkafani. Ita kaɗai ce kuma ta gaskiya a duk zauren, domin ita ce tufar da kowannensu zai sa. Bahaushe ya ce mutuwa rigar kowa, ga shi Ba'amurken da bai san karin maganar ba ya gina labari a kanta. Fushin Yarima fushi ne na wanda aka tuna wa abin da ya kashe dukiya don ya manta. Annabi (SAW) kuwa ya umurce mu da yawaita tuna mutuwa, saboda ita ke datse jin daɗi. Ku dubi kuma yadda ƙarshen Yarima ya zo: mutumin da ya yi wata shida yana gudun mutuwa, shi ne ya bi ta a guje da ƙafafunsa, ya ratsa ɗakuna shida zuwa inda za a karɓi ransa. Duk mai karatun Alƙur'ani zai tuna aya ta 78 a Suratun Nisa'i game da riskar mutuwa ga waɗanda ke cikin gine-gine masu ƙarfi, da aya ta 8 a Suratul Jumu'a game da haɗuwa da abin da ake guje wa, da aya ta 243 a Suratul Baƙara game da dubban da suka bar gidajensu don tsoron mutuwa.

To amma akwai inda muka rabu da Poe, kuma wajibi ne in faɗa. Ya rufe labarinsa da cewa duhu da ruɓewa da annoba su ne suka mallaki komai har abada. Likkafanin babu kowa a ciki, kuma bayansa babu komai: babu hisabi, babu wanda zai tambayi Yarima ina ya bar talakawansa. A aƙidarmu mutuwa halitta ce daga cikin halittun Allah, kamar yadda farkon Suratul Mulk ya nuna, akwai Mala'ikan da aka wakilta a kanta kamar yadda ya zo a aya ta 11 a Suratus Sajda, kuma hadisi ingantacce ya tabbatar da cewa ita kanta za a kawo ta ranar Alƙiyama a siffar rago a yanka ta. Mulkinta yana da iyaka. Su kuma talakawan da aka bari a bayan ganuwa, waɗanda Poe bai ba ko ɗayansu suna ko murya ba, addininmu bai manta da irinsu ba, domin Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa muminin da annoba ta same shi ya zauna a garinsa yana mai haƙuri da neman lada, yana da sakamako irin na shahidi.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in ka karanta labarin nan ka ji tsikar jikinka ta tashi, kada ka yi kamar masu rawar nan, ka yi dariya ka jira bugun agogo na gaba. Ka tambayi kanka wane ne a bayan ƙofarka: mahaifin da ka daɗe ba ka gaishe shi ba, ko maƙwabcin da ka san ba ya da na cefane, ko majinyacin da kake ta cewa gobe za ka dubo shi. Ka je yau tun ƙofar ba ta narke ba.

Allah Ya kare mu daga annoba da mugun ciwo, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani.