Gona Ba Ta Isa Sai Da Hanya

Duk wanda ya tashi tsakanin Sabon Birni da Isa kamar ni, ya san manominmu bai san hutun rani ba. Da damina muna tudu, ana gero da dawa da wake. Da zarar kaka ta wuce kuma sai a gangara fadama, bakin gulbin Rima da Bunsuru, a dasa albasa da tattasai da shinkafa. Iyayenmu da jigo suke ban ruwa, mu kuma muka tarar da ƙaramin inji mai shan fetur.

Ƙasa ce mai tarihi. Kufan Alƙalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, kuma danginmu da yawa suna Tsibiri, a ƙetaren iyaka kusa da Maraɗi. Shi ya sa a kasuwanninmu Naira da Sefa suke tafiya tare, ɗan canji na zaune kusa da mai awo.

To amma abin da nake son in jawo hankalinku a kai shi ne, albarkar ƙasa kaɗai ba ta riƙe gari. Kawuna, wanda a gonarsa na koyi riƙon fartanya, yakan ce mini, "Ɗana, albasa ba tuwo ba ce. In ba ta kai kasuwa ba, ruɓa ta kai." Gero yana iya shekara a rumbu, amma kayan fadama ba su jira. Kuɗin albasa ne ke sayen taki, su biya makarantar yara, su yi kayan ɗakin amarya, su kai maras lafiya asibiti.

Don haka kasuwar mako ce bankinmu. Ranar Lahadi a nufi Goronyo, ranar Alhamis a nufi Shinkafi. Can ake biyan bashi, a zuba adashi, a aika saƙo ga ɗan'uwa na nesa. Mace ta kiwata akuya shekara guda, ranar da lalura ta taso sai ta ba dillali, da la'asar kuɗin magani sun shigo. Mai amalanke da ɗan dako da mai tuyar ƙosai duk a ranar suke samun na mako.

Wannan jijiyar ce matsalar 'yan bindiga ta tsinke. A watan Mayun 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni, irin su Garki da Ɗan Aduwa. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a yankinmu, har sai mutum ya matsa bakin iyaka ya kama layin Nijar kafin ya gaida nasa. A Oktoban shekarar aka afka wa kasuwar Goronyo tana ci, a Disamba kuma aka ƙone matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka tare shi a kan hanya. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Ga kuma rufe iyaka da aka yi a 2019, aka sake yi a 2023, wanda ya tsayar da cinikin da ke tsakaninmu da Maraɗi na tsawon watanni.

Ku duba ku gani, yawancin waɗannan masifu a kan hanya ko a kasuwa suka faɗa. Direba in ya ji tsoron dajin Gundumi, sai ya ƙi zuwa ko ya ninka kuɗin mota, kuma manomi ne zai biya, domin ɗan kasuwa zai karya farashin buhu. Malamin makaranta da malamar asibiti su ma ta wannan hanyar suke zuwa. In ba ta biyuwa, ginin aji da na ɗakin shan magani suna nan tsaye, amma babu mai buɗe su. Na san mai naƙudar da aka kwana da ita a gida don ba mai iya fita da dare, alhali asibiti bai fi tafiyar rabin sa'a ba.

Shi ya sa idan na ji ana lissafa mana ajujuwa da rijiyoyin burtsatse da aka gina, ina godiya, amma tambayata ɗaya ce: shin manomi zai iya zuwa gonarsa ba tare da ya biya haraji ga ɗan bindiga ba, ya kuma kai albasarsa kasuwa ya dawo gida kafin magariba? Mutanenmu da ke gudun hijira a jihar Maraɗi ba ƙasa ce ta gaza musu ba. Fadamar tana nan, ruwan Rima bai ƙafe ba. Ranar da motocin kasuwa suka koma fita da asuba babu fargaba, da ƙafarsu za su dawo.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.