Sautin Garinmu da Inda Nake Ajiye Shi

Aikina a wani gidan rediyon karkara na yankin Magarya shi ne haɗa sauti. Ni ke shimfiɗa kiɗa ƙarƙashin sanarwa, ni ke gina wa ƴan wasan kwaikwayo kasuwa ko gona ko bakin rijiya, ta yadda mai saurare zai gan su da kunnensa. Kwamfutar da na tarar cike take da waƙoƙi, wasu an kwaso daga tsofaffin kasakasai, wasu daga memorin masu tura waƙa a tasha, da yawansu kuwa lamba ce kawai sunansu. Neman kiɗan minti ɗaya yakan cinye mini hantsi guda.

Abin da ya fara buɗe mini ido shi ne yadda abokan aiki ke tambaya. Ba mai cewa in ba shi Ma'azu Ɗan Alalo ko Haruna Uji kai tsaye. Cewa ake: "Malam, sa mana na sarauta," ko "muna son na noma." Sai na kasa taskar bisa buƙata: sarauta, noma, biki da suna, kokowa, azumi da salla. Sunan mawaƙi da na abin kiɗa, kalangu ne ko gurmi ko algaita, suna biyo baya a jikin kowace waƙa. Barmani Choge ta shiga ɓangaren biki, Shata kuwa sai da na rarraba shi wurare da dama, don ba inda bai taɓo ba.

Sautin wuri ya fi wuya, kuma shi na fi ƙauna. Akwai taskoki a intanet masu ruwan sama da kukan tsuntsaye kyauta, amma manomin Bande ko na Dogo-Dogo yana jin wannan ruwan zai san ba a kan kwanonsa yake sauka ba. Dole na fita da salula ina ɗauko namu: amalanken shanu cikin rairayi, guga tana bugun bakin rijiya, luguden mata uku a turmi ɗaya, hayaniyar dillalai a karar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis. Nan na gane sauti ma lokaci gare shi, kamar amfanin gona. Kukan kwaɗin tabki in bai shiga hannu a watan Agusta ba, sai baɗi. Ga shi kuma a daminar ne aka fi neman wasanni kan zazzaɓin cizon sauro da tamowa, lokacin da gadajen yara ke cika a asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a 2005.

Akwai abin da ke damuna har yau. Cikin kasakasan na iske waƙar niƙa ta wata tsohuwa, murya mai ratsa jiki, ba suna, ba gari, ba shekara. Na sa ta a iska ko wani zai kira ya ce kakarsa ce, shiru. Tun daga nan, kafin kowa ya buɗe baki gabana, nakan nemi izininsa, in faɗi sunansa da garinsu da ranar a cikin ɗaukar kanta, don rubutu na iya gogewa ya bar muryar. Kowane ƙarshen wata kuma ina kwafe taskar duka a faifai na biyu, in kai gidan wani abokin aiki, saboda ƙura da zafi da ɗaukewar wuta ba sa barin na'ura ta daɗe a nan.