Ni Ba Na Riƙe Sifana, Amma Gyara Ne Aikina

Duk wanda na gaya wa cewa ni mai tsara gyaran injina ne a masana'anta, sai ya ce, "To kai me kake gyarawa?" Gaskiya ba na gyara komai da hannuna. Na yi HND a fannin kanikanci, amma yanzu na fi riƙe biro da kwamfuta a kan sifana. Aikina shi ne in tabbatar cewa ranar da bakanike zai buɗe inji, kayan gyara suna sito, masu aikin suna nan, kuma an yarda a kashe injin na awa kaza.

Bari in ba ku misali da janareta. Yawancin manyan janaretocin dizal ana canza musu baƙin mai da filta bayan kamar awa 250 na aiki. A masana'antar da ke aiki dare da rana, in wutar NEPA ta ƙi zama, awa 250 kwana 10 ne da 'yan awoyi. Dole a sami mai ƙirga awoyin nan, ya san mai da filta sun iso kafin ranar. Haka boris, haka bel, haka giris: kowanne da lokacinsa. Wani kayan kuma ba a samunsa a kasuwa, sai an yi oda daga Indiya ko Jamus, jirgi ya kawo shi Apapa, kwastan su sake shi, mota ta ɗauko shi zuwa Arewa. Watanni ke nan. In ka bari sai ya karye sannan ka nema, inji zai kwanta yana jiran jirgin ruwa.

Wahalar aikin ba lissafi ba ce, mutane ne. Mai kula da sarrafa kaya burinsa kada inji ya tsaya ko minti ɗaya. Kullum maganarsa, "Malam, bari mu gama wannan odar tukuna." Oda kuwa ba ta ƙarewa. Ihu ba ya raba wannan gardama, takarda ce ke raba ta. Sai ka buɗe tarihin injin ka ce, "Yallaɓai, ga yadda ya tsaya a bara, ga kwanakin da muka yi asara. Ba ni awa huɗu ranar Asabar." Tsayawar da ka shirya mata awoyi ce, wadda ta zo da kanta kwanaki take ci. Kuma ranar da inji ya kwanta, leburan da ake biya kullum shi ke komawa gida hannu rabbana.

Akwai batun rai ma. A katin aiki nake rubuta wa zai kashe wuta, wa zai sa kwaɗo a makunni ya riƙe makullin a aljihunsa. Gyaran gaggawa da tsakar dare shi ne inda ake tsallake irin waɗannan, a nan hannun mutum ke tafiya.

Rabin abin da na sani daga tsofaffin kanikawa na samo shi. Sai in ce, "Baba, ya kake jin ƙarar injin nan?" Ya kasa kunne ya ce boris ya kusa. Ni kuma in rubuta, don ilimin da ke kan mutum ɗaya ritaya yake yi tare da shi.

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu shirin fita SIWES: tun 1973 hukumar ITF ta kawo tsarin nan don mu ga aiki da idonmu. Kada ku mai da littafin rahoton abin cikewa a daren ƙarshe. Rubuta abin da aka yi wa inji, da ranar, da kayan da aka sa, shi ne ainihin aikin da nake cin abinci da shi yau. Ku koyi Excel sosai, ku saba da karanta littafin da ke zuwa tare da inji, ku roƙi a bar ku ku yi ko mako ɗaya a sito da ofishin tsara gyara. Masu iya kwance inji suna da yawa, masha Allah. Wanda zai ce ga ranar da za a kwance shi, ga abin da za a tanada, shi ake nema ruwa a jallo.