Takardar kanikanci da bashin gida: mu yi lissafi kafin a sayar da rago



Kowace shekara, da zarar sakamakon BEPC ya fito, sai shawara ta kaure a zaurukanmu. Wanda ya samu ana tunanin inda za a kai shi, wanda bai samu ba ana neman abin da zai riƙe. A ƴan shekarun nan, amsar da ta fi yawa a bakin iyaye ita ce: a kai shi ya koyi kanikanci, ya samo dipilom, ko Allah zai sa ya shiga kamfani. Mu da muka bi ta wannan hanya, wasunmu yau suna gareji, wasu suna walda, wasu kuma sun ajiye kayan aiki sun hau kabu-kabu. Shi ya sa muka ga ya dace mu gaya wa ƙannenmu da iyayensu abin da idonmu ya gani.

Aikin ƙarfe ba baƙo ba ne a garin nan. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Damagaram har igwa suka ƙera da hannunsu. Abin da ya ƙaru a zamaninmu shi ne takarda. Akwai cibiyoyin CFM a ƙananan hukumomi da dama don yaran da suka bar lakwal da wuri, akwai CET, akwai CFPT, inda ake fitowa da takardu irin su CAP da BEP. Mai son ci gaba yana iya nufar makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, daga can wasu su wuce EMIG a Yamai. Bayan waɗannan ga makarantu masu zaman kansu, su kuma kuɗinsu daban ne.

To, ina kuɗin ke fitowa? A Amurka ɗalibi kan ci bashin gwamnati ko na banki, ya sa hannu, ya riƙa biya bayan ya kama aiki. Namu bashin karatun ba a rubuta shi. Inna ce ta kwashi adashinta, Baba ya jinginar da gona ko ya sayar da ragon layya, yaya da ke ci-rani a Agadas ko Libiya yana turo abin da ya samu. Babu ruwa a kansa, babu mai kai ka gaban alƙali. Amma kullum da masu binka kake cin tuwo a kwano ɗaya, kuma ran da auren ƙanwarka ya taso, kai za a duba. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai wannan ya fi na kowa hana barci.

Kuma yawancinmu kuɗin rajista kawai muke ƙirgawa. Ga kakin aiki da takalmi, ga kuɗin kabu-kabu safe da yamma, ga hayar ɗaki da abinci in yaron daga Gure ko Tanut ko Magarya ya zo. Ga watannin koyon aiki a gareji ko kamfani, waɗanda sau da yawa ba a biyan ko dala. Sannan babban abin da ake mantawa: ran da aka miƙa maka takarda, kayan aikin makaranta a makaranta suke zama. Ka fito da ilimi a ka, hannu wayam. Injin walda, na'urar awon wuta, akwatin kayan kwance-kwance, duk sai an saya, a daidai lokacin da gida ya riga ya ƙare ƙarfinsa.

Yanzu mu duba abin da ke shigowa. Tun watan Janairun 2024, mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata, a da kuwa jika 30 da ƴan kai. Sabon bakanike da ya samu aikin wata, sau da yawa daga kusa da nan yake farawa. A ce gida ya kashe maka jika 300, kana mayar da jika 10 kowane wata ba fashi: wata 30 ke nan, shekara biyu da rabi, ba ka yi ciwo ba, ba ka yi zancen aure ba. Wannan lissafin kowa na iya yinsa a kan tabarma kafin a biya kuɗin farko.

Mun san inda zuciyar kowa take. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a watan Nuwamban 2011, mai tace ganga dubu 20 a rana, kusan duk yaron da ya riƙe takardar fasaha a jihar nan can yake hange. Wasu daga cikinmu sun shiga, kuma Allah ya rufa musu asiri. Amma matata guda ce, injuna ke yin mafi yawan aikinta, ba za ta iya ɗaukar duk masu fitowa kowace shekara ba. Haka bututun man Agadem zuwa Benin: lokacin shimfiɗa shi an ɗauki masu walda da direbobi da kanikawa, da aka gama a 2024 sai aikin gini ya ƙare. Wanda ya gina lissafin bashinsa a kan ƙofa ɗaya, zai daɗe yana yawo da dosiye a hammata.

Abincinmu na kullum kuwa yana cikin injunan da ke kewaye da mu. Injin niƙa na unguwa, wanda in ya tsaya rabin gidajen layi ba su tuwon dare. Injin ban-ruwa na lambunan Mirya da Gidimuni da masu rake na wajen Matamai. Babura da adaidaita da suka cika titi daga Kasuwar Dole har Kara-Kara. Famfunan da ke aiki da hasken rana a ƙauyuka, waɗanda in sun lalace sai a yi kwanaki ana jiran mai gyara. Ku tuna 2023, da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya: duk wanda ya iya gyaran injin wuta a lokacin bai zauna ba. Ga kuma motocin zamani da sai an jona musu kwamfuta kafin a gane ciwonsu, tsofaffin gareji da yawa ba su da mai karanta ta.

A nan ne takarda ke da ranarta. Makaranta ce ke koya maka karanta zanen inji, da awo na ƙasa da milimita, da sanin hanyar wuta, da rubuta lissafin kuɗin aiki yadda wata ƙungiya ko ofishin magajin gari za su karɓa. Gareji kuma shi ke ba ka kunne, ka ji ƙarar inji ka san inda matsalar take. Shi ke nuna maka wane kayan gyara na Kano ne mai ƙarko, wane ne na kwana uku, shi ke haɗa ka da masu kawo aiki. Mun ga masu dipilom da suka ƙi durƙusawa gaban maigidan da bai yi boko ba, mun kuma ga iyayen gida da ke yi wa ɗan makaranta dariya don ya ɗauko littafi. Duk cikinmu, waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne suka haɗa biyun.

Don haka, Baba, Inna, kafin ku biya, ku je makarantar da ƙafarku, gani ya kori ji. Ku ce a nuna muku ɗakin aiki, a tayar da injunan a gabanku. Ku tambaya yara nawa ke kan inji ɗaya, kuma waɗanda suka fita bara suna ina. Makarantar da ke da amsa ba za ta ji haushin tambaya ba. In kuɗin da ke hannu ba zai kai ga karatu da kayan aiki duka ba, gara makarantar gwamnati mai sauƙi, a ɓoye sauran don akwatin kayan aiki. A leƙa ofishin FAFPA a ji ko akwai horon da suke ɗaukar nauyinsa, a kuma yi rajista a ANPE bayan an gama.

Kai kuma ƙanenmu, tun shekarar farko ka nemi garejin da za ka riƙa zuwa ran Asabar da lokacin hutu, ko da wankin kayan inji za a sa ka. Ka fara sayen kayan aikinka ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma zauna da mahaifanka ku faɗi adadin abin da aka kashe da baki, don bashin da aka san yawansa shi ake iya biya.

Allah ya sa wa sana'armu albarka, ya ba mu ikon sauke nauyin iyaye. Amin.