Ɗan Warri da Ya Mayar da Poland Gasar Kofin Duniya

Shekara 16 Poland ta yi tana kallon gasar cin kofin duniya daga gida. Ƙasar da ta zo ta uku a 1974 da 1982, ta fitar da gwanaye irin su Lato da Boniek, rabonta da gasar tun 1986. Wanda ya fitar mata da kitse a wuta kuwa a Warri aka haife shi, a 1978.

Emmanuel Olisadebe ya bar ƙungiyar Jasper United a 1997 ya koma Polonia ta birnin Warsaw, inda ya ci kofin lig a 2000. A Najeriya babu wanda ya waiwaye shi, kuma ba abin mamaki ba ne, domin zamanin su Kanu da Ikpeba ne. Amma Jerzy Engel, wanda ya san shi tun a Polonia, ya zama kocin ƙasa, yana neman mai zura ƙwallo ruwa a jallo. Tsarin mulkin Poland ya bai wa shugaban ƙasa ikon ba da shaidar zama ɗan ƙasa ga wanda ya ga dama, sai Aleksander Kwaśniewski ya sa hannu a 2000. Buƙata ce ta gaggauta takardar, kowa ya sani.

Ya kuwa biya bashin. Ya jefa ƙwallo biyu a ragar Yukren a Kiev, ya kammala wasannin share fage da ƙwallaye 8. Shi ne baƙar fata na farko da ya sa rigar ƙasar. Abin da ke da wuyar haɗiya shi ne, a filayen ƙasar da ta koma rera sunansa ne aka taɓa jifansa da ayaba ana yi masa kukan biri. Ƙwallayensa sun rufe bakin wasu, amma rufe baki daban, sauya zuciya daban.

A gasar 2002 Poland ta sha kashi a hannun Koriya ta Kudu da Fotugal. A wasan ƙarshe, bayan bakin alƙalami ya bushe, ta doke Amurka da ci 3 da 1, Olisadebe ne ya buɗe a minti na 3. Najeriyar da ba ta gayyace shi ba, ƙwallo ɗaya tak ta ci a gasar gaba ɗaya, ta Aghahowa.

Daga nan gwiwa ta fara cin amanarsa. Ya ci lig da kofi da Panathinaikos ta Girka a 2004, amma jinya ta cinye shekarun da ya kamata su zama ganiyarsa. Engel ya tafi, waɗanda suka gaje shi ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Ya ɗan taɓa Portsmouth, ya sake farfaɗowa a Henan ta ƙasar Sin. Wasansa na ƙarshe da rigar Poland a 2004 ne, bai cika shekara 26 ba: wasa 25, ƙwallo 11.