Magana Ba a Baki Kaɗai Take Ba

A ƙasarmu idan yaro ya kurmance, abin da dangi suke fara tambaya shi ne magani. Ba safai wani yake tambayar makaranta ba. Ni uban yarinya kurma ne daga yankin Dogon Dutse, ina so in gaya wa 'yan'uwana iyaye abin da muka gani a hanyar nema mata ilimi, ko ya rage wa wani wahala.

'Yarmu tana da shekara 3 sa'ad da annobar sanƙarau ta 2015 ta auka wa Nijar. Allah ya tashe ta, amma bayan mun dawo daga asibiti sai muka lura ko an kira sunanta ba ta waiwayowa. Likita ya gwada ta da na'ura, ya ce ciwon ya lalata can cikin kunne, inda ƙara take zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma allura ko ɗigon magani ba za su gyara wannan ba. Sa'an nan ya ce, "Hankalinta lafiya lau yake. Abin da take bukata yanzu harshe ne, gama a shekarun farko yaro ya fi kama magana. Kada ku zauna jira."

Gaskiyarsa ce. Kalmomin da ta iya kafin ciwon suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har yaran unguwa suka soma kiranta bebiya. Masu ba da shawara kuwa suka yi yawa. Wani ya ce a kai ta wurin boka, wata ta ce ai mace ce, a bar ta ta koyi daka da wanke-wanke, ya isa.

Da ta kai shekara 6 muka sa ta lakwal ɗin garinmu. Malamin mutumin kirki ne, amma yara sun fi 80 a ajinsa, koyarwa kuma da baki ake yi, cikin Faransanci. Ta yi wata uku tana kwafe abin da ke jikin allo da kyakkyawan rubutu, ba ta san ma'anar ko ɗaya ba. Daga baya shugaban makarantar ya kira ni, ya ce, "Malam, ba ƙinta muke yi ba, amma ba a koya mana yadda za mu koyar da ita ba." Shi ne ya ba ni labarin makarantar kurame da ke Yamai.

Tsakaninmu da Yamai ya fi kilomita 250. Raba yarinyar da ba ta ji da uwarta ba ƙaramin abu ba ne. Ƙanwata da ke aure can ta yarda ta riƙe ta, zumuntar mata ta ikilisiyarmu kuma ta haɗa kuɗin mota da na tufafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A wurin wani malami kurma na fara jin labarin Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka, wanda shi ma sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana da shekara 11. Ya gama kwalejin kurame ta Gallaudet a 1954, ya zo Afirka aikin mishan, ya buɗe makarantar kurame a Akara ta ƙasar Gana a 1957. Kafin ya rasu cikin hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu 32 a ƙasashe 13. Maganar hannu da ake koyarwa da ita a yawancin makarantun kurame na Afirka ta Yamma ta samo asali ne daga aikinsa. Wannan labari ya ƙarfafa ni ƙwarai. Ashe ciwon da ya toshe kunnen 'yata bai hana wani zama malamin malamai ba.

Da ta dawo hutun farko, sai ga ta da suna ga kowane abu, har da ranakun mako da lissafi. Amma a gida ba wanda yake gane ta, sai ta koma gefe ta yi shiru. Nan muka ga cewa makaranta rabin aikin ta yi, sauran rabin namu ne. Muka mai da ita malamarmu, kowace yamma ta koya mana alamu biyar. Yayanta ya riga kowa iyawa. Muka sayi fitila mai aiki da hasken rana, domin a cikin duhu kurma ba shi da abokin hira. A majami'a kuma aka ba ta wuri a gaba, yayanta yana juya mata wa'azi da hannu.

Kada wani ya ɗauka wannan abin ado ne. Yarinyar da ba ta da harshe ba za ta iya cewa cikinta yana ciwo ba, ba kuwa za ta iya faɗin sunan wanda ya cuce ta a hanya ba. Yau 'yarmu tana karatu da rubutu, tana gardama da mu, tana kuma gaya wa uwarta abin da ke zuciyarta.

'Yan'uwa, ilimin irin waɗannan yara ba alfarma ba ce. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta ambaci koyar da kurame da maganar hannu. Idan yaronku ya tashi daga sanƙarau ko zazzaɓi mai tsanani, ku sa a gwada jinsa da wuri. Ku tambayi ofishin ilimi na yankinku inda makaranta ko ajin kurame mafi kusa yake. Ku kuma dattawan ikilisiya, ku ƙidaya kuramen da ke garinku, ku zaɓi matasa biyu su koyi maganar hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.